Abin da Ya Kwanta a Gindin Kofi

Ranar Laraba ce, azumi saura mako biyu, kuma Funtua ta tashi da irin zafin nan da ke sa kwalta laushi tun kafin azahar. Sama fayau take, ko ɗigon girgije babu. A sashen gashin ƙashi na asibiti fanka tana juyawa a kasalance, tana tura iska mai ɗumi daga wannan bango zuwa wancan. Awaisu yana zaune a kan benci, an matse masa hanci da wani ɗan maƙali na roba, bakinsa a kan bututun na'urar auna numfashi.

"Ja iska. Ƙara ja. To, busa! Busa, busa, kada ka tsaya!"

Ya busa har idanunsa suka kawo ruwa, sannan tari ya sarƙe shi. Malama Yasmin, ma'aikaciyar sashen da ta saba duba shi, ta jira tarin ya lafa kafin ta dubi allon na'urar.

"Sittin da biyu cikin ɗari. Inda muka bar ka, nan kake. A irin ciwonka, tsayuwa wuri ɗaya ma ci gaba ce."

Shekarunsa ashirin da shida, manomi ne a Ƙarfi, kuma tun yana goye yake tari. Sau biyu ana ɗora shi a kan maganin tarin fuka ba a dace ba. Sai shekara huɗu da suka wuce likitoci a Zariya suka auna zufarsa, suka tarar gishirinta ya yi yawa, suka ce da ciwon aka haife shi. Sistik faibrosis suka kira shi, suka ce ba kasafai ake ganinsa a ƙasar nan ba. Majinar ƙirjinsa kauri take yi kamar ƙaro, ta toshe hanyoyin iska. In ba a fitar da ita safe da yamma ba, sai ta lalace a ciki ta kawo zazzaɓi. Mai fitar da ita kuwa mahaifiyarsa ce, Inna Hajo, da tafukan hannunta.

"Malama, tambaya gare ni," in ji shi, yana cire maƙalin. "Babu hanyar da mutum zai yi wa kansa wannan aikin, ba tare da an bubbuga masa baya ba?"

"Hannun Inna ya gaji ne?"

"Hannun Inna ba ya gajiya. Makka ya kamata ta je."

Ya ba ta labari. Kawunsa Alhaji Buba, mai sayar da hatsi a Malumfashi, ya biya wa Inna kujerar aikin Hajji tun bara. Ta ƙi tafiya, don babu mai bubbuga bayan ɗanta na tsawon kwana arba'in. Da ƙyar aka ɗaga kujerar zuwa bana, kuma Kawu ya rantse in ta sake ƙi, ya wanke hannunsa. Gwiwoyinta kuwa sun fara ba ta labarin shekaru.

Malama Yasmin ta buɗe kabad ta ɗauko gorar ruwa ta roba da wani gajeren tiyo. Ta zuba ruwa har tsawon yatsa da rabi, ta cusa tiyon ya taɓo ƙasa.

"Ka busa a hankali, ruwan ya riƙa tafasa. Nauyin ruwan shi ke tura iska ta bayan majinar, ya ɓamɓaro ta. In ka yi sau goma sai ka tsaya, ka yi huci kamar mai son madubi ya yi gumi, sannan ka yi tari."

Ya gwada. Ruwan ya yi ɓul-ɓul-ɓul, ya ji wani abu ya motsa can ƙasan haƙarƙarinsa.

"Zai yi aiki kamar hannunta?"

"Ban sani ba."

Ya ɗago kai. Bai saba jin wannan amsa daga bakin mai farar riga ba.

"Wani gora ta fi yi masa, wani hannu. Ƙirji ba ɗaya ba ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai." Ta miƙa masa kofin roba mai murfi, an zana masa layuka a jiki. "Mako biyu Inna ta ci gaba da aikinta, abin da tari ya fito da shi ka zuba a nan, ka duba layin da ya kai. Daga nan ka koma gora, ka yi haka. Kullum ka kira ni ka faɗa mini. Maganar azumi kuma ka san hukuncinka, Allah ya ɗauke maka. In jikinka ya bushe, majinar daskarewa take yi."

"To, Malama."

Irin "to" ɗin nan ce da ba ta wuce leɓe.

Washegari bayan asuba ya kwanta rub da ciki a kan tabarma, ƙarƙashin rumfar kara da ke tsakar gidansu. Inna Hajo ta durƙusa a gefensa, ta lanƙwasa tafukanta kamar za ta kamfaci ruwa, ta fara. Sautin ya riƙa tashi kamar ana kaɗa ƙwaryar da aka kife a kan ruwa, ba gaggawa, ba tsayawa.

Awaisu ɗan farinta ne, don haka bakinta bai taɓa furta sunansa ba. A gaban mutane ko kallonsa ba ta yi. In magana ta kama dole sai ta ce "yayan Raudatu". Raudatu ita ce ƙanwarsa da ke aure a Dandume, ita kaɗai ta rayu cikin ukun da suka biyo bayansa. Biyun tari ya ɗauke su tun ba su yi wayo ba, mahaifinsu kuma ya bi su daga baya. Amma a wannan lokaci na safe da na yamma, da yake fuskarsa tana ƙasa, tata kuma tana kan bayansa, sukan yi hirar da ba za su iya yi ido da ido ba.

"Na ga an dawo da tarkace," ta ce, hannu bai tsaya ba. "Gora da tiyo. Famfo za a buɗe?"

"Magani ne, Inna. Busawa ake yi."

"Uhm. Da busa tana magani, da masu sarewa ba sa tari."

"In ta yi aiki za ki tafi?"

"Juya ɗaya gefen."

"Inna."

"Ɗakin Allah yana nan, ba ya tashi. Juya na ce."

Ya juya. "Kawu ya ce wannan ne na ƙarshe."

"Buba ni na goya shi, na san tsawon rantsuwarsa." Bugun ya ɗan ƙara nauyi. "Biyu na rufe wa ido. Ba zan je ina jifan Shaiɗan ba, hankalina yana kan tabarmar nan."

Tari ya taso masa. Ya tashi zaune ya juya mata baya, ya zuba a kofin. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "In abin da gora ta fitar ya kai na hannunki fa?"

Ta ɗauki tsintsiya ta fara sharar wurin da babu datti.

"In ya kai, na gani da idona, sai a yi magana."

Mako biyun nan, hannun Inna bai saɓa ba: kowane zama, layi na uku. Majina ce mai kauri, kore-kore, da in ka karkata kofin sai ta yi jinkiri kafin ta bi.

Aka ga wata, shi kuma ya koma gora, a ɗakinsa na zaure. A ranar ce kuma ya ɗauki azumi. Shekara da shekaru yana ɓuya ya ci abinci da rana kamar ɓarawo, samarin majalisa suna kiransa "Musafiri", wai kullum yana kan tafiya. Bana yana so Inna ta gan shi a tsaye kamar kowane namiji. Ta yi faɗa, ta ƙi zuba masa sahur, ya ci ragowar tuwon dare da sanyinsa. Malama Yasmin kuwa bai gaya mata ba. Ba ta tambaya ba, shi kuma bai ga dalilin tayar da maganar da ta kwanta ba.

A Ƙarfi, kamar ko'ina, mai azumi ba ya son haɗiyar yawu. Malamai sun sha faɗa a wurin tafsiri cewa yawu ba ya karya azumi, amma baki ya riga ya saba. Kowa ka gani a gindin bishiya, yana magana yana tofarwa gefe. Tiyo a baki kuwa yawu yake tarawa. Awaisu ba ya tofi a daɓen ɗakin da yake salla, ga kuma kofi a hannunsa. Ya busa, ya tofa. Ya yi tari, ya tofa.

Ranar farko kofin ya kai layi na huɗu. Cikin mako ya taɓa na biyar.

"Biyar?" muryar Malama Yasmin ta fito daga wayar da mamaki. "Ka tabbata a ƙasa mai daidai ka ajiye shi?"

"Wallahi biyar, har da ɗoriya."

"Ikon Allah. Jikin fa?"

"Lafiya lau. Sai zafin gari."

Ya lura abin ya yi ruwa-ruwa, ga kumfa a sama. Wannan ma daɗi ya yi masa: ga shi nan gora tana narkar da abin da hannu ke fitarwa da ƙyar. Da yamma yakan tsaya a bakin ƙofar tsakar gida ya ɗaga kofin a rufe, yatsansa a kan layin. Inna takan saci kallo daga bakin murhu, ta mayar da kai.

"Ya yi fari," ta ce wata rana.

"Narkewa take yi, Inna."

A goman ƙarshe ta aika wa Alhaji Buba cewa a kawo mata yadin ɗinkin maniyyata. Wanda ya kawo saƙon da yadin Rabe ne, ɗan Kawu, taubashin Awaisu, ƙato mai ɗaukar buhu a rumbun mahaifinsa, wanda ya taɓa ɗaure hannu a fagen dambe kafin Alhaji ya yi masa iyaka. Ya leƙa zaure ya tarar da Awaisu yana busa.

"Kai! Bawana ya koma shan shisha da azumi? Bari in kira liman."

"Fita min a ɗaki, buhun dusa."

"Ka rame fa, Musafiri. Dubi rigarka, gishiri ya zana mata taswira."

Gaskiya ne. Zufarsa tana bushewa ta bar fari a wuyan riga da hammata. Numfashinsa ya fara guntulewa in ya je masallaci. Ya ɗora wa zafi da yunwa laifin, don kofi ba ya ƙarya.

Ranar salla ya ci tuwon shinkafa, ya sha ruwan randa har cikinsa ya ɗaure. Washegari ya busa gora kamar kullum, ya duba kofin. Layi na ɗaya, da ƙyar. Ya ce ko tiyon ne ya tsage, ya sayo sabo a wurin mai gyaran babur. Layi na ɗaya. Ya ƙara ruwa, ya rage ruwa, ya sake gora. Abin da ke fitowa kaɗan ne, mai duhu, mai wari, ƙirjinsa kuma kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ya daina tsayawa a bakin ƙofa da kofi. Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya kwantar da shi, Rabe ya ɗaure shi a bayansa da rawani, ya kai shi Funtua a kan babur.

Na'ura ta nuna hamsin da ɗaya. Malama Yasmin ta sa ya sake, ta sake ganin abin da ta gani.

"Daga biyar zuwa ɗaya a kwana ɗaya, gora ɗaya, mutum ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya canja?"

"Babu, Malama."

"Na layi biyar ɗin nan, yaya kamanninsa?"

"Ruwa-ruwa. Da kumfa a sama."

Ta ajiye alƙalaminta a hankali. "Awaisu, ka yi azumi?"

Ya dubi ƙasa. Rabe ne ya amsa daga bakin ƙofa. "Ko ɗaya bai sha ba. Har gori yake mana."

"Yawun da ke taruwa in kana busa, ina kake kai shi?"

Nan take amsar ta iso masa. Ya ji kunnuwansa sun yi zafi fiye da zazzaɓin.

"Wata guda muna auna yawu," ta ce, ba da tsawa ba. "Ita kuwa majinar tana ciki tana bushewa. Kai ka ɓoye mini azumi, ni kuma na yarda da lamba a waya ban ce a kawo mini kofin na gani ba. Kowa ya ɗauki nasa. Yanzu gado za ka hau."

Kwana goma ya yi ana ɗura masa magani ta jijiya. Inna Hajo ta zo da tabarmarta ta shimfiɗa a barandar ɗakin maza. Safe da yamma takan shigo, ta ja labule, ta durƙusa. Ba ta ce masa "na faɗa maka" ba. A rana ta uku, tana cikin bugu, ta ce, "An gaya wa tela ya dakata."

"Kada ya dakata."

"Ba shawara nake nema ba."

"Inna, awon ne ya lalace, ba gorar ba. Ba mu san abin da take yi ba tukuna. A sake."

"A sake, a sake kwantar da kai?"

"A sake, a gabanki. Ke za ki riƙe kofin."

Hannunta ya tsaya a kan bayansa, abin da ba ya yi. Sannan ya ci gaba.

Ranar sallama shi ya tare Malama Yasmin da maganar, tun kafin ta zauna. Jirgin su Inna saura wata guda. Ta dube shi, ƙashin wuyansa a waje, idanunsa a tsaye.

"Ba ka daddara ba?"

"Na daddara da ƙarya. Ban daddara da awo ba."

Suka tsara yadda za a yi. Yau hannu, gobe gora, don kada sauyin jiki ya rinjayi ɗaya. Gwangwani daban na yawu, kofi na abin da tari ya kawo kawai. In an gama a ajiye kofin ya huta, ruwa ya taso sama, mai kaurin ya kwanta, shi kaɗai za a karanta. A ɗauki hotonsa a waya a tura mata. Ruwan sha kuwa kamar raƙumi.

Haka aka yi, a ƙarƙashin rumfa, Inna tana ajiye kofin a kan turmin da aka kife, tana tsugunawa ta daidaita idonta da layin. Ba ta yi karatun boko ba, amma uku ba ta ɓace mata. Bayan kwana takwas magana ta fito fili. Hannu uku. Gora biyu, wani lokaci ma ba ta cika ba.

"To, ka gani," in ji Inna. Babu murna a muryarta.

Awaisu ya daɗe yana kallon kofin. Ya so a ce hasken ne, ko turmin ya karkace. Ya kira Malama Yasmin.

"Biyu ba banza ba ce," ta ce. "Amma a yadda ƙirjinka yake yanzu, ba zan ce ta isa ita kaɗai ba."

"To in an haɗa ta da hannu? Hannun wani?"

"Wa gare ka?"

Raudatu tana da tsohon ciki, ba ta iya durƙuso. Ya juya ya dubi zaure, inda Rabe ke zaune yana cin gyaɗar da ba a ba shi ba.

"Ina da wani buhun dusa," ya ce.

Rabe ya yi dariya har ya ƙware. "Shekara nawa ina neman izinin dukanka, yau ga shi da sa hannun likita."

Zaman farko bai yi kyau ba. Inna ta zauna nesa ta ba su baya tana tsintar wake, don ba za ta tsaya kallon ɗan farinta a gaban ɗan ƙaninta ba. Rabe ya sauke tafi, ƙarar ta tashi tas kamar an mari jaki. Awaisu ya gantsare.

"Kai, Rabe," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Wannan mari ne."

"Gwaggo, a hankali fa na yi."

"Kunnena ba ya ƙarya. Zo nan."

Ta kama ƙaton hannunsa ta lanƙwasa yatsun, ta matse babban yatsan a gefe. "Ka ɗauka ƙwai ne a ciki, kuma ba naka ba ne. Iskar da ke tafin ita ke aiki, ba ƙarfinka ba. Daga wuyan hannu, ba daga kafaɗa ba. Ba Shago kake nema ba." Ta nuna masa buhun masara da ke jingine da rumbu. "Je ka koya a can. In na ji sautin ƙwarya, ka dawo kan mutum."

Kwana biyu Rabe yana dukan buhu, yaran maƙwabta suna leƙe ta katanga suna cewa ya haukace. Da ya dawo kan mutum, kofinsa bai kai ko na gora ba, ga bayan Awaisu ya yi jawur. Awaisu bai ce a bari ba. Ya ce a sake da yamma. Ya ce a sake gobe. Shi ya kawo shawarar a fara da gora ta ɓamɓaro, sannan hannu ya biyo baya ya karkaɗe, Malama Yasmin ta ce a gwada, a auna shi ma.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, gari ya watse zuwa gona. Awaisu yana kwance a tabarma yana jin muryoyin masu wucewa da buhunan iri. Ko sharar gonarsa bai yi ba.

"Masara ba ta jira," in ji Rabe, yana bugu.

"Jirgi ma haka. Ƙasa kaɗan. Kai, hannu ne wannan ko taɓarya?"

"Yi shiru, ganga ba ta magana."

Wata safiya Inna ta bar tsintar wake ta karkata kai tana saurare. Da aka gama ta ɗora kofin a kan turmi, ta jira ya kwanta, ta tsuguna. Ta daɗe a tsugune. Sannan ta karkata kofin ta ga yadda abin ke jinkiri kafin ya bi.

"Uku," in ji Rabe. "Gwaggo, ko idona ne?"

"Rana ɗaya ba ta zama shekara."

Amma washegari ma uku ne, da wanda ya biyo. Ranar da aka gwada hannunta don a kwatanta, shi ma uku.

Ita da kanta ta ce a kai ta Funtua. Ta zauna a bakin benci da mayafinta, ta kalli ɗanta ta gefen ido yana busa na'ura. Malama Yasmin ta ce numfashin ya ɗago, amma bai koma inda yake da ba.

"'Yata," in ji Inna, "in naki ne, za ki tafi ki bar shi?"

"Inna, ba zan rantse miki cewa babu abin da zai faru ba. Ko kina nan yana iya faruwa, kin gani. Abin da zan iya faɗa shi ne, abin da hannunki ke fitarwa, su biyun nan suna fitar da shi. Kuma duk mako zai zo da kofin a hannu, ba a waya ba."

Inna ta dubi tafukanta, ta juya su, ta mayar cikin mayafi.

"Rabe," ta ce, "in mun fita a biya ta wurin tela."

Ranar tafiya filin da motocin maniyyatan Malumfashi suka tsaya ya cika da 'yan rakiya. An yi yayyafi da safe, ƙafafu sun dama wurin. Alhaji Buba yana ta kai da kawo da jakunkuna biyu iri ɗaya. Mata suna rungumar Inna, kowace da saƙon addu'arta. Awaisu ya matso ya durƙusa a gabanta.

"Allah ya kai lafiya, Inna. Allah ya karɓa."

Ta dubi saman kansa, can wajen motar. "Amin," ta ce, kamar da iska take. Sai ta yafito Rabe. Ya sunkuyo.

"Yayan Raudatu," ta ce, "in ya ce maka ya isa, bai isa ba. Ka ƙara masa."

Ta hau mota, ta zauna a ɓangaren da ba ya kallon su. Motar ta tashi, tayoyinta suna watsa taɓo.

A hanyar komawa Ƙarfi, Rabe yana tuƙi, Awaisu yana baya da gora a cikin leda. Dama da hagu masarar mutane ta fito, ta yi ganye uku-uku. Da suka zo daidai gonarsa ya taɓa kafaɗar Rabe, suka tsaya. Ciyawa ce ta amsa ruwan a madadinsa.

"Gobe mu fara," ya ce. "Ko dawa ce a jefa."

"Bayan duka ko kafin duka?"

"Bayan."

Ya tsaya a bakin gonar yana mayar da numfashi, ya yi lissafin abin a ransa, ba ƙari ba ragi. Numfashi shida cikin ɗari, wanda Malama ta ce kada ya sa rai da dawowarsa. Kilo huɗu na jiki. Masarar bana. Da azumi, wanda na bana shi ne na farko da ya cika, shi ne kuma na ƙarshe.